Girman Kai Rawanin Tsiya

Kowace shekara mafi yawan mabiya addinin Kirista sukan shiga azuminsu na kwana 40, wanda yakan fara ran Larabar Toka, ya ƙare gab da bikin Ista. A majami'un Katolika da na Angalikan da na waɗansu ɗarikoki, limami yakan ɗebi toka da yatsa ya shafa wa kowane mai sujada a goshi, yana tuna masa cewa daga ƙasa aka yi shi, kuma ƙasar zai koma. Tokar kuwa ta rassan dabino ce, waɗanda aka ɗaga ana murna da su bara ran Lahadin da ta gabaci Ista, sa'an nan aka ajiye aka ƙone. Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan rana shi ne layin da jama'a sukan yi. Kwamishina da masinjansa, attajiri da mai gadinsa, duk layi guda suke bi, kuma magana guda ake faɗa wa kowa.

To, amma toka ba ta daɗewa a goshi. Kafin rana ta yi tsaka gumi ya wanke ta, kowa ya koma ofishinsa ko rumfarsa ya ci gaba da zama wanda yake jiya. Saboda haka ya kamata a tsaya a bincika abin da wannan al'ada take nema daga mutum, musamman daga waɗanda Allah ya ɗora a kan jama'a, domin kuwa su ne girman kansu yake jawo wa dubban mutane hasara.

Malaman Ikilisiya tun na farko sun haɗu a kan cewa girman kai shi ne uwar zunubai. Agustin, bishop ɗin birnin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya koyar da cewa faɗuwar ɗan Adam daga nan ta soma, tun kafin hannu ya kai ga itacen da aka hana. Abin da suke kira girman kai ya wuce tafiyar ƙasaita da ƙin amsa gaisuwa. Suna nufin halin mutumin da aka ba shi ajiya, ya wayi gari yana ganin kayan nasa ne, don haka babu mai ikon tambayarsa yadda ya yi da su. Manzo Bulus ya gaya wa Kiristocin Roma, a sura ta 14 ta wasiƙarsa, cewa babu wanda zai tsere wa ba da lissafin kansa a gaban Allah. A Bisharar Luka sura ta 12 kuma Yesu Almasihu ya nuna cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa bawa, gwargwadon abin da za a nema a hannunsa.

Wahalar da ke cikin al'amarin ita ce ba a taɓa jin shugaban da ya amsa cewa yana da girman kai ba. Kowa bawan jama'a ne, balle in zaɓe ya gabato. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma masu neman kujera sun fi kowa gane ma'anar wannan karin magana. Tun da yake durƙuso da tattausan harshe abubuwa ne da kowa yake iya arowa, tilas a nemi ma'aunin da ba ya aruwa. Ma'aunin kuwa shi ne abin da mai iko yake yi sa'ad da wanda bai kai shi ƙarfi ba ya dube shi ya ce masa ya yi laifi. Akwai wani tsohon labari a tarihin Ikilisiya da ya isa a yi nazarinsa a kan wannan.

A shekarar 390 babu mai ƙarfi a daular Rum kamar Sarki Tiyodosiyus. Jarumi ne, ya hau sarautar gabashin daular a 379, ya ci abokin hamayyarsa Maksimus da yaƙi a 388, sa'an nan ya zauna a birnin Milan na arewacin Italiya. Mutum ne mai kishin addini ƙwarai. A shekarar 380 aka yi masa baftisma a Tasalonika, birnin nan na ƙasar Girka wanda Manzo Bulus ya rubuta wa Kiristocinsa wasiƙu biyu, kuma a wannan shekara, daga wannan birni, ya fitar da dokar da ta mai da addinin Kirista addinin daula. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin abin da ya biyo baya aikin mai zuwa sujada ne.

Shugaban sojan Tasalonika, wani mai suna Buterik, ya kulle wani shahararren mai tseren karusa bisa zargin aikin alfasha. Da ranar tsere ta zo, jama'a suka nemi a sako musu gwaninsu, aka ƙi. Nan take tarzoma ta tashi, aka kashe Buterik. Labari ya iske sarki a Italiya, ya fusata. Paulinus, magatakardan bishop ɗin Milan, ya rubuta cewa da farko sarki ya yi alkawarin sassauci, amma fadawa suka bi ta bayan fage suka sake hura wutar. Aka aika da umarni, sojoji suka rutsa da jama'a a filin sukuwa, suka yi ta sara ba tambaya ba shari'a, mai laifi da marar laifi, ɗan gari da baƙo. Tiyodoret, wanda ya rubuta tarihin Ikilisiya kimanin shekara 60 bayan haka, ya ce mutum 7,000 aka kashe. Wani marubucin kuma, Sozomen, ya kawo labarin wani ɗan kasuwa da aka kama 'ya'yansa biyu, ya roƙi sojoji su kashe shi a madadinsu, su kwashe dukiyarsa. Suka ce ɗaya kaɗai za su iya saki, domin akwai adadin da aka ce su cika. Uban ya dubi wannan ya dubi wancan ya kasa zaɓa, har aka kashe su duka biyu. Sarki ya sake tunani ya aika a janye umarnin, amma manzon ya makara.

Bishop ɗin Milan a lokacin shi ne Ambros, kuma shi ma ba baƙon mulki ba ne. Gwamna ne na lardin kafin jama'a su tilasta masa karɓar aikin bishop a shekarar 374, tun ba a ma yi masa baftisma ba. Ya san fada, ya san abin da sarki yake iya yi wa wanda ya ɓata masa rai. Da labarin kisan ya tabbata, bai hau bagade ya yi ta zagi ba. Ya bar gari kafin sarki ya komo, ya rubuta masa wasiƙa, ƙarshenta ma da hannunsa ya rubuta don kada kowa ya karanta sai mai ita. Wasiƙar tana nan har yau. A cikinta ya yaba wa sarki kishin addininsa, ya gaya masa kuma cewa yana da zafin zuciya, wanda in an lallashe shi yakan koma jinƙai, in an zuga shi ba ya tsayuwa. Ya tuna masa labarin Sarki Dawuda. Daga nan ya faɗi maganar da ta fi nauyi, watau ba zai iya miƙa Jibin Ubangiji ba muddin sarki yana cikin majami'a bai tuba ba.

Marubutan baya da masu zane sun ƙawata labarin, sun nuna bishop yana tsaye a ƙofar majami'a yana tare sarki da hannu. Wasiƙar da kanta ta nuna abin ya fi haka natsuwa, kuma akwai darasi a cikin natsuwar. Ambros ya bar wa sarki hanyar da zai bi ya gyara ba tare da an tozarta shi a bainar jama'a ba, amma bai rage komai daga gaskiyar ba. Masu wa'azin da suke ganin sai sun ci mutuncin shugaba a gaban makirfo kafin a san su jarumai ne, da waɗanda ba sa iya buɗe baki ko a ɗaka, dukkansu suna da abin koyo a nan.

Abin da sarki ya yi shi ne ainihin labarin. Yana da sojoji, yana da kurkuku, yana da ikon kore bishop daga gari kamar yadda sarakunan da suka gabace shi suka sha yi wa bishop-bishop. Akwai kuma hujjoji a hannunsa in yana so: an kashe masa hafsa, doka tana bukatar tsoro, ya riga ya janye umarni, laifin na sojoji ne. Duk mai mulki ya san irin waɗannan hujjoji, don su ake karantawa a rediyo bayan kowace ɓarna. Tiyodosiyus ya ɗauki watanni kafin ya sauko, abin da ke nuna cewa maganar ta yi masa ɗaci. Amma daga bisani ya shiga majami'a ba tare da kayan sarauta ba, ya tsaya cikin masu tuba, ya yi kuka a gaban talakawansa yana neman gafara. A bikin Kirsimeti na shekarar 390 aka sake karɓarsa a Jibin Ubangiji. Marubutan tarihin Ikilisiya sun danganta wannan tuba da wata doka tasa wadda ta ce in sarki ya yanke hukunci mai tsanani, sai an jira kwana 30 kafin a zartar. Ashe ke nan ya gane cewa fushinsa abin tsoro ne, har ya yarda a sa masa linzami.

Labarin Dawuda da Ambros ya tuna wa sarki yana cikin littafin Sama'ila na biyu, sura ta 11 da ta 12. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, sojansa, ya kuma shirya yadda za a bar Uriya ya mutu a bakin daga. Kowa a fada ya yi shiru, sai Annabi Natan ya zo da misalin wani mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka wa baƙo. Dawuda ya fusata ya yanke wa mai garken hukunci, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Dawuda bai kira dogarai ba, ya amsa laifinsa. Duk da haka jaririn da aka haifa ya mutu, fitina kuma ba ta rabu da gidansa ba. Wannan ma abin lura ne, domin akwai masu tsammanin cewa kalmar tuba tana share sakamako. Hawayen Tiyodosiyus bai ta da ko ɗaya daga cikin mutanen Tasalonika ba. Abin da tubarsa ta yi shi ne ta tabbatar wa dukan daula cewa jinin talaka yana da mai tambaya, kuma sarki ma yana da Sarki.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye waɗanda suka faɗi wannan jarrabawa ba. Uzziya ya hau sarautar Yahuza yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 52 a kan gado. Littafin Tarihi na biyu sura ta 26 ya lissafa ayyukansa, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya inganta noma da kiwo, ya shirya runduna mai ƙarfi. Da a ce a zamanin nan yake, da jaridu sun cika da hotunan ayyukansa na raya ƙasa. Da ƙarfi ya samu sai ya ga har aikin firistoci ma nasa ne, ya shiga Haikali zai ƙona turare. Azariya firist da waɗansu firistoci 80 suka bi shi suka ce masa ya fita, wannan ba hurumin sarki ba ne. Ya fusata da su, yana riƙe da kaskon turaren, sai kuturta ta bayyana a goshinsa, daidai wurin da ake shafa toka. Ya ƙare kwanakinsa a gida na dabam, ɗansa Yotam yana riƙon ƙasa. Hirudus Agaribas kuwa ko mai tsawata masa bai samu ba. A shekarar 44, a Kaisariya, ya fito cikin tufafin ƙasaita ya yi jawabi, taro ya yi masa kirarin da ya dace da Allah kaɗai, shi kuwa bai hana ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura ta 12 da masanin tarihin Yahudawa Yusifus duka sun ba da labarin ciwon da ya kama shi nan take ya yi ajalinsa.

Kada wani ya ce waɗannan labaran mutanen da ne, domin nahiyar Afirka ta ga irinsu da idonta. Ran 4 ga Disamba 1977 Jean-Bédel Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya ɗora wa kansa kambin sarauta a Bangui, yana kwaikwayon Napoleon na Faransa, a wani biki da aka ƙiyasta ya ci kimanin dala miliyan 20, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. A 1979 'yan makaranta suka yi zanga-zanga saboda tufafin makaranta masu tsada da aka tilasta musu saya, aka kama su, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe kimanin 100. A watan Satumba na wannan shekara aka hamɓare shi yana ƙasar Libiya. Da ya komo gida a 1986 aka gurfanar da shi a kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1987, daga baya aka mayar ɗauri. Shekara biyu ba su cika ba tsakanin kambin da faɗuwar.

A Uganda kuwa an sami mai faɗar gaskiyar, sai dai ba a sami mai saurare ba. Janani Luwum ya zama babban bishop na Angalikan a 1974, lokacin da mutane suke ɓacewa a ƙarƙashin mulkin Idi Amin, wanda takobinsa bai tambayi addini ko ƙabila ba kafin ya sara. Luwum yakan je ofisoshin tsaro da kansa yana neman waɗanda aka kama. A watan Fabrairu 1977 shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa shugaban ƙasa takarda suna kokawa a kan kashe-kashen da sojoji suke yi. Ran 16 ga watan aka tara su a Kampala, aka zargi Luwum da shirya juyin mulki, aka tsare shi tare da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Washegari gwamnati ta ba da sanarwar cewa sun mutu a haɗarin mota. Da aka kai gawarsa ƙauyensu Mucwini, aka ga raunukan harsashi. Amin, wanda ya naɗa kansa shugaba na har abada a 1976, ya gudu daga Kampala a watan Afrilu 1979, ya rasu yana gudun hijira a 2003. Luwum kuwa an kafa siffarsa a 1998 cikin shahidai goma na ƙarni na 20 a bisa ƙofar majami'ar Westminster a Landan, kuma 16 ga Fabrairu ranar hutu ce a Uganda saboda shi. Aikin da Luwum ya yi shi ne wanda Ambros ya yi, takarda ce aka rubuta aka miƙa. Bambancin yana wajen wanda ya karɓi takardar.

Hausawa sukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Akwai gaskiya a ciki, domin fadawa ne suka zuga Tiyodosiyus, kuma Ambros ya koka a wasiƙarsa cewa an hana shi jin abin da ake shawartawa a majalisar sarki. Amma karin maganar tana da haɗari in aka mai da ita mafaka. Sarki ne yake zaɓar fadawansa. Shi yake ɗaukaka mai yi masa kirari, ya tura mai gaya masa gaskiya wani lungu inda ba a jin muryarsa. Shugaban da ya yi shekaru yana korar duk wanda ya ce masa a'a, ba shi da bakin cewa an yaudare shi ranar da abu ya lalace. A ranar lissafi kuwa, bisa koyarwar Kirista, kowa shi kaɗai zai tsaya, ba a shiga da mai ba da shawara ko sakataren watsa labarai.

A ƙasar nan duk mai hawa babbar kujera yakan yi rantsuwar da ke jadawali na bakwai na Tsarin Mulkin 1999, Kirista ya riƙe Littafi Mai Tsarki, ya rufe da neman taimakon Allah. Jadawali na biyar kuma ya wajabta wa jami'in gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata sa'ad da ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar da ya sauka, tsarin da ya samo asali tun Tsarin Mulkin 1979. Waɗannan tanade-tanade, da binciken babban mai duba kuɗin gwamnati, da tambayoyin majalisa, da alƙalamin 'yan jarida, duk ƙananan lissafi ne kafin babban. Mutumin da yake jin an raina shi don an ce ya cika takardar kadarori, ko ya bayyana gaban kwamitin majalisa, ko ya bi umarnin kotun da bai yi masa daɗi ba, ya kamata ya tambayi kansa abin da yake nufi ranar da ya ɗaga littafin nan. Wanda ba ya jure tambayar mutum ɗan'uwansa yau, ƙarya yake yi in ya ce a shirye yake ya amsa ta Allah gobe. Tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, saboda haka babu Kiristan da ke jin wannan harshe da zai ce labarin Natan bai iso gare shi ba.

Daga nan maganar ta komo kan Ikilisiya da shugabanninta, kuma tilas a faɗe ta ko da za ta yi ɗaci. Sarki ba zai sami Ambros ba in limamai sun koma maroƙa. An sha ganin yadda ake dakatar da sujada don wani babba ya iso a makare, a ta da tsofaffi daga kujerun gaba a zaunar da shi da tawagarsa, a ba shi makirfo ya yi siyasa, sa'an nan a sanar da gudummawarsa ana tafi, ba tare da kowa ya tambayi inda kuɗin ya fito ba. Wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta yi magana a kan wannan hali kai tsaye, inda ta tsawata wa taron da ya ba mai zoben zinariya wuri mai kyau ya bar matalauci a tsaye. Limamin da ya karɓi mota daga hannun mai mulki ran Asabar, da wane baki zai gaya masa ran Lahadi cewa ma'aikata da 'yan fansho suna bin sa bashi? A daren da aka bashe shi, Yesu Almasihu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ne yake yi a gidajen wancan zamani, kamar yadda Bisharar Yahaya sura ta 13 ta nuna. Ana maimaita wannan a majami'u da yawa ran Alhamis ta makon ƙarshe na azumi. Yana da wuya a haɗa wannan hoto da na shugaban addinin da ba a iya ganinsa sai an ratsa masu gadi uku, wanda kuma ba ya yarda dattawan ikilisiya su duba littafin baiko.

Ambros kansa ma bai kuɓuta ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A shekarar 388 waɗansu Kiristoci, da zugar bishop ɗinsu, suka ƙone majami'ar Yahudawa a garin Kalinikum da ke bakin kogin Yufiretis, inda birnin Raƙƙa na ƙasar Siriya yake yau. Tiyodosiyus ya ba da umarni a hukunta masu laifin, bishop ɗin kuma ya sake gina abin da aka ƙone. Hukunci ne na gaskiya. Ambros ya matsa wa sarki lamba har ya janye shi, masu ƙone-ƙone suka tafi salin alin. A wannan karo sarki ne yake kan daidai, limami yake kan kuskure, kuma babu wanda ya rubuta wa limamin wasiƙa. A ƙasar da ta sha ganin an ƙone majami'u da masallatai, wannan ɓangare na labarin bai kamata a tsallake shi ba. Mai tsawata wa sarki shi ma yana bukatar mai tsawata masa, kuma rigar limanci ba ta hana girman kai shiga, wani lokaci ma a ƙarƙashinta ya fi samun wurin ɓuya.

Talaka ma kada ya karanta wannan yana murmushi yana tunanin manya. Akawun da ke barin tsohuwa tana zirga-zirga mako uku a kan takarda guda don ta san shi ne mai hatimi, da shugaban makarantar da ba a isa a gaya masa ya yi kuskure ba, da maigidan da bai taɓa ba matarsa ko ɗansa haƙuri ba tun da aka yi aure, duk ciwon Uzziya ne yake damunsu, ƙasarsu ce kawai ƙarama. Akwai kuma nau'in da ya fi kowanne wuyar ganewa, wanda Bisharar Luka sura ta 18 ta kwatanta da Bafarisiyen da ya shiga Haikali yana lissafa wa Allah azuminsa da zakarsa, yana godiya don bai zama kamar mai karɓar harajin da ke bayansa ba. Mai karɓar harajin ne ya koma gida da yardar Allah. A kwanakin azumi wannan misali ya fi dacewa da a karanta, domin mutum yana iya yin girman kai da tokar da ke goshinsa.

Tiyodosiyus ya rasu a Milan ran 17 ga Janairu 395, watanni kaɗan bayan ya ci yaƙinsa na ƙarshe ya haɗa gabas da yammacin daula a hannunsa. Bayan kwana 40 aka taru domin addu'a, manyan hafsoshi suna zaune, ɗansa Honoriyus mai shekara goma yana kusa da bagade. Ambros ne ya yi wa'azi. Da ya zo faɗin dalilin da ya sa ya ƙaunaci mamacin, sai ya tuna wa taron cewa mutum ne da ya fi son mai tsawata masa a kan mai yi masa daɗin baki, ya kuma ba su labarin ranar da ya ajiye kayan sarauta ya yi kuka a majami'a saboda mutanen Tasalonika. Daga nan aka ɗauki gawar zuwa Kostantinoful, watau Istanbul ta yau, aka raba daular tsakanin 'ya'yansa biyu, Arkadiyus da Honoriyus, kuma ba ta sake haɗuwa a hannun mutum ɗaya ba. Ambros ya bi shi bayan shekara biyu, a 397.